Tun ran gini ran zane: wace irin cibiyar baje koli ta dace da Magarya da Dungas?

Ranar 21 ga watan Janairu na shekarar 2020, shugaban ƙasa na wancan lokaci, Mahamadu Isufu, tare da ministan harkokin wajen Indiya, Subrahmanyam Jaishankar, suka buɗe Cibiyar Taro ta Mahatma Gandhi a birnin Yamai. Gini ne da gwamnatin Indiya ta bayar kyauta, wanda ya ci kimanin dala miliyan 35, wato wajen miliyar 20 na kuɗin sefa, kuma babban zaurensa yana ɗaukar mutum 2000 a zaune. Mutumin jiha da ya je babban birni ya ga wannan gini, ba laifinsa ba ne idan ya komo gida yana tambayar yaushe ne rabon yankinsa zai zo. Idan kuwa har akwai yankin da ya cancanci ya yi wannan tambaya da babbar murya, to gundumomin Magarya da Dungas ne, waɗanda suke ciyar da kasuwannin ƙasashe biyu alhali suna da tazarar kusan kilomita 1000 daga inda ake yanke shawara a kansu.

Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan, wadda kuma ba a cika yin ta ba sai bayan an zuba harsashi: wane irin gini? Ɗan kasuwa ya san ba a cinikin biri a sama. Ma'aikacin gwamnati shi ma ya san cewa takardar da aka sa wa hannu da safe ita ce take ɗaure ofis na shekaru. Taswirar gini irin wannan takarda ce. A kanta ake yanke yawan wutar da gini zai sha, da yawan ma'aikatan da zai buƙata, da irin mutanen da za su iya shigarsa da waɗanda za su tsaya a bakin ƙofa. Duk abin da aka kuskure a kan takarda, baitulmali ne zai yi ta biyan sa har ranar da ginin zai rushe. Shi ya sa magabata suka ce tun ran gini ran zane, domin bango idan ya bushe ba ya karɓar ado.

Abin da Yamai ta koyar

Babu mai musun cewa babban birni yana buƙatar zaure irin na Gandhi. Ƙasar da take karɓar shugabannin ƙasashe dole ta sami wurin saukar su, kuma ginin ya yi aikin da aka yi shi dominsa. A cikinsa ne ma aka gudanar da babban zaman shawara na ƙasa na watan Fabrairun 2025. Amma tarihin ƙasar nan ya nuna cewa darajar taro ba daga kujerunsa take zuwa ba. Taron da ya fi kowane nauyi tun bayan samun mulkin kai, wato Babban Taron Ƙasa, an yi shi ne a zauren wasanni na Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, ɗan Damagaram. Wakilai kimanin 1200 suka zauna fiye da wata uku a ɗakin da aka gina domin ƴan wasa, suka kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, suka buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai da ƴancin jarida. Zauren nan, wanda aka sauya wa suna zuwa Fadar 29 ga Yuli, shi ne kuma ya riƙa karɓar bukukuwan baje kolin amfanin gona da na sana'o'in hannu shekara da shekaru. Sirrinsa guda ne: fili ne mai faɗi a ƙarƙashin rufi, wanda ake iya juya shi yadda ake so.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Ranar 7 ga Yulin 2019, a taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai, aka ƙaddamar da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar, kuma a ranar ce Nijeriya ta sa hannu a kanta. Ba a cika wata biyu ba, a cikin Agustan shekarar, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta kuma fara buɗe su ba sai Disamban 2020, inda mashigar Maigatari ta kasance cikin huɗun farko da aka buɗe. An yi jawabin a zauren taro, amma mai shanu a Dungas da mai wake a Magarya su ne suka sha wahalar abin da ya biyo baya. Wanda yake zana cibiyar ciniki ga waɗannan mutane, wajibi ne ya fara da sanin cewa bakin iyaka na iya rufewa dare ɗaya, kamar yadda ya sake faruwa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Ginin da ba zai yi amfani ba sai baƙi sun zo daga ƙetare, zai yi watanni a kulle.

Darasi na uku yana nan kusa. Bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha ya kai wa Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, sannan Damagaram a 2018 da sunan Zinder Sabuwa. An samu tituna da fitilu da gine-gine, kuma wannan abin yabo ne. Amma aikin da aka ɗaura wa ranar biki aikin gaggawa ne, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Kuɗin ginawa yakan fito domin shugaban ƙasa zai zo, kuɗin kula da gini kuwa ba shi da ranar biki. Bugu da ƙari, irin wannan rabo yakan tsaya a babban birnin jiha, gundumomi sai dai su ji a rediyo.

Ƙasar da za a gina wa

A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum fiye da dubu 570, Dungas kuma, wadda aka cire daga jikinta aka mai da ita gunduma a 2011, tana da fiye da dubu 350. Yanki ne da yake cikin mafi cunkoson jama'a a ƙasar nan, ya jingina da jihohin Katsina da Jigawa, hanyoyinsa kuma suna ɓullewa Babban Mutum da Daura da Maigatari har zuwa Kano. A zamanin da gyaɗa take riƙe da tattalin arzikin ƙasa, lokacin da aka kafa kamfanin SONARA a 1962, nan ne ɗaya daga cikin manyan rumbunanta, har akwai masana'antar matsar mai da ta taɓa aiki a Magarya. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa suka karya wannan ciniki, amma ba su karya mutanen ba. Suka koma ga wake da riɗi, ga rake da kayan lambu na fadamun Korama, ga kiwon tumaki da shanu. Suka kuma raya itatuwan gawo a gonakinsu, har masana daga ƙasashen duniya suka riƙa zuwa Magarya da Matamai da Mirya domin ganin yadda talaka ya mai da ƙasarsa kore ba tare da ya jira kowa ba.

Abin takaicin shi ne yawancin wannan arziki yana fita ne ɗanye, kuma farashinsa a wani wuri ake yanka shi. Dabbar da aka yi kiwonta a Dungas, a kasuwar Alhamis ta Maigatari ake sanin darajarta. Buhun riɗi da wake suna bin manyan motoci zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, inda ake tace su, a sake zuba su a buhu mai tambari, a sayar da su ga masu fitarwa ƙetare. Manomi yana sayarwa da kaka lokacin da kaya suka yi araha, domin ba shi da wurin ajiya kuma bashi yana jiransa. Matan da suke matsar mai da yin ƙuli-ƙuli, da masu saƙar tabarma, da dukawa, ba su da inda babban mai saye zai gan su gaba ɗaya a rana guda.

Wannan shi ne aikin da cibiyar taro da baje koli za ta yi a nan, idan har za a yi ta: ta haɗa mai kaya da mai kuɗi a wuri guda, a kan ma'auni guda, a gaban shaidu. Ta zama wurin da ƙungiyoyin manoma, da ƴan kasuwar ɓangarorin iyaka biyu, da jami'an duwan, da malaman gona da na dabbobi, da sarakunan gargajiya za su zauna su warware abin da ya dame su. Mahalartanta ba da jirgin sama za su zo ba. Za su zo ne a kan babur da amalanke da bayan babbar mota, da buhuna da dabbobi da yara a goye. Mai zanen da bai ga wannan hoto a zuciyarsa ba kafin ya ɗauki alƙalami, ginin wasu mutane zai zana.

A fara da ƙasa kafin rufi

Al'adar masu ba da kwangila ita ce su fara tambayar yadda fuskar gini za ta kasance. A Magarya ko Dungas, fuska ita ce abu na ƙarshe. Na farko shi ne wuri: fili a bakin hanyar kwalta, a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, kusa da kasuwa yadda ɗan dako zai iya kaiwa da ƙafa, amma ba a tsakiyarta ba yadda babbar mota za ta kasa juyawa. An sha ganin kasuwanni da tashoshin da aka gina a bayan gari suka zama kango, domin an zaɓi filin da ya fi sauƙin samu maimakon filin da mutane suke bi. Kuma filin nan ya zama an biya masu shi diyya a bayyane, tun da a yankin da gona ta yi ƙaranci haka, ƙwace kadada biyar daidai yake da raba gidaje da abincinsu.

Bayan wuri sai hanyoyin shiga. Ƙofar mutane daban, ƙofar kaya daban, ƙofar dabbobi daban. A tanadi wurin lodi mai tudu daidai da bayan mota, da sikelin da yake auna mota da kayanta, da mangazar ajiya mai iska wadda ɓera da danshi ba sa shiga. A ɓangaren dabbobi a yi turaku da kwamin shayarwa da ɗakin malamin dabbobi, a kuma sa shi ta inda iska ba za ta kwaso wari da ƙura zuwa wurin abinci ba. Waɗannan abubuwa ba sa fitowa da kyau a hoto, shi ya sa su ne ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza, alhali kuwa su ne cibiyar.

Wurin baje kolin kansa rumfa ce babba mai tsawon rufi, wadda za a iya raba ta da shinge mai ɗaukuwa, yau ta zama rumfuna ɗari na masu sana'a, gobe ta zama wurin rabon iri ko rigakafi, jibi ta zama zauren jarrabawa. Zauren taro kuwa ba ya buƙatar kujeru 2000. Ɗaki mai ɗaukar ƴan ɗaruruwa, da ƙananan ɗakuna uku ko huɗu na zaman kwamiti, sun fi amfani ga gunduma fiye da ƙaton zauren da ba a cika shi sai ranar da minista ya zo. A shimfiɗa daɓensa a baje, ba hawa-hawa ba, domin a iya kwashe kujeru a shimfiɗa tabarmi. A kula da yadda murya take tafiya a cikinsa, yadda dattijo zai yi magana a ji shi ko da lasifika ta mutu.

Akwai kuma abubuwan da kunya take hana a ambata a gaban manya, amma rashinsu yake korar rabin jama'a. Makewayi isasshe, na mata daban da na maza, da ruwan da ba ya yankewa. Wurin alwala da masallaci. Inuwar da mai shayarwa za ta zauna. Hanyar da gurgu da makaho za su bi ba tare da an ɗauke su ba. Mata su ne ƙashin bayan sarrafa amfanin gona a wannan yanki, kuma macen da ta san babu inda za ta kewaya ba za ta wuni a wurin ba. Haka nan maganar gobara. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwar birnin ta ƙone a 2012, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, kuma a irin waɗannan masifu abin da ake kuka da shi kusan guda ne: wayoyin wuta barkatai, da lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga, da rashin ruwa a kusa. Faɗin hanya da yawan ƙofofin fita da tankin ruwa, duka a kan takarda ake yanke su.

Zafi, wuta da kayan gini

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki. Gini mai bangon gilashi da rufin kwano maras tsawo tanda ne, ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa na'ura ba ta aiki sai da wuta. Jihar Damagaram ta daɗe tana dogara da wutar da take zuwa daga Nijeriya ta layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023 lokacin da aka katse ta saboda takunkumin CEDEAO. Ko a lokacin zaman lafiya ma, wanda ya dogara da janareto ya san kuɗin gazuwal. Saboda haka ma'aunin da ya kamata a ɗora wa kowace taswira mai sauƙi ne: idan wuta ta ɗauke da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, shin taron zai ci gaba ko kuwa jama'a za su watse?

Amsar wannan tambaya ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maginan da suka gina fadar Sarkin Damagaram a tsakiyar ƙarni na 19, da Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sun san yadda ake rufe ɗaki mai faɗi da bakan gizo, sun san kaurin bangon da yake tare zafin rana har dare, sun san amfanin ƙaramar taga a can sama wadda iska mai zafi take fita ta cikinta. Zaure kansa cibiyar taro ce: inuwa ce tsakanin titi da cikin gida, inda ake ciniki da sulhu da ɗaurin aure. Ilimin zamani bai rushe wannan ba, ƙara masa ya yi. A miƙe gini daga gabas zuwa yamma yadda dogayen bangayensa za su fuskanci kudu da arewa. A tsawaita baki na rufi ya yi wa bango inuwa. A bar sarari tsakanin kwano da silin yadda iska za ta ratsa. A ƙarfafa bangon gabas, domin daga nan hadari yake tasowa. A shuka gawo da bedi tun ranar da aka aza tubalin farko. Rufin mai faɗi kuma ya ɗauki allunan wutar hasken rana, indararonsa ya zuba a tanki.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga shaida. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, a 2018, mai zanen gine-gine ƴar ƙasa Mariam Kamara ta gina kasuwa da bulon ƙasa wanda ake matsewa da inji, ta yi mata inuwa da faya-fayan ƙarfe masu launi da aka jera sama da ƙasa yadda iska take wucewa. A garin kuma ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci, suka mai da tsohon ɗakin karatu. A maƙwabciya Burkina Faso, Francis Kere ya fara da makarantar ƙauyensu Gando wadda ya gina da ƙasa, ya kai ga cin lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a duniyar zanen gine-gine. Abin da duniya take yabo ke nan, a daidai lokacin da wasu masu mulki suke ganin ginin ƙasa alamar talauci ce.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta duka. A Agustan 2023 wani ɓangare na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 170. Ginin ƙasa yana son yaɓe da kula duk shekara, damina kuma ta sauya hali, azarar giginya ma ta yi wuya. Don haka ba ana cewa a koma ga tubali da makuba kamar yadda kakanni suka bari ba. Harsashi na dutse da siminti, ginshiƙai da rufi na ƙarfe inda faɗi ya buƙata, bango na bulon ƙasa da aka ƙarfafa aka kuma gwada a ɗakin bincike: wannan haɗi shi ne hankali. Yana rage simintin da sai an ɗauko daga Malbaza ko daga Nijeriya, yana kuma barin kuɗin aiki a hannun magina da leburorin yankin, waɗanda su ne za su gyara ginin idan ya tsage, ba sai an jira injiniya daga wata ƙasa ba.

Wa zai biya, wa zai duba?

Mai hankali zai iya cewa: yankin da ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar yaransa tun 2005 saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro, ina shi ina cibiyar baje koli? Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ma dalilin da ya sa ba a yarda a yi ginin alfahari a nan ba. Idan zaɓin shi ne tsakanin gadon asibiti da zauren gilashi, to gado ya fi. Amma yunwar wannan yanki ba ta rashin noma kaɗai ba ce, har da ta rashin farashi. Iyalin da suka sayar da wake da araha a watan Oktoba su ne suke sayen hatsi da tsada a watan Yuli. Ginin da ya ba manomi wurin ajiya da ma'auni na gaskiya da mai saye fiye da ɗaya, yana cikin maganin tamowa. Wanda bai yi haka ba, gara a bar kuɗin a asibiti.

Saboda haka kada a karɓi kowace taswira sai tare da lissafin abin da ginin zai ci duk shekara: wuta, ruwa, masu gadi, masu shara, gyaran rufi da yaɓe. A gefensa a rubuta inda kuɗin zai fito, ko hayar rumfuna ce, ko kuɗin sikeli, ko na mangaza, a asusun da ba a taɓa shi domin wani abu daban. Kyautar ƙasar waje ma haka take: mai bayarwa yana miƙa makulli ya tafi, takardar kuɗin wuta kuma ta zo wa mai karɓa. A kuma gina shi daki-daki, rumfa da mangaza da ruwa tukuna, zaure daga baya, yadda ko kuɗi ya yanke a tsakiya abin da aka gama zai yi aiki. Batun ko a Magarya za a kafa shi ko a Dungas, kada ya zama abin rigima tsakanin ƴan uwa: hatsi da taro suna da hanyarsu, dabbobi suna da tasu, kuma babu abin da ya hana a raba aikin gida biyu gwargwadon abin da kowane gari ya fi ƙarfi a kai.

Saura maganar sa ido. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo a madadinsu, wurin da talaka yake da wakilin da zai tambayi yadda aka kashe kuɗin gari ya ragu. Wannan ya ƙara wa hukuma nauyin bayyana aikinta da kanta. Duk ranar da aka tashi yin irin wannan gini, a buɗe gasa ga masu zanen gine-gine na ƙasa, a kuma sa sarkin magina da malaman Jami'ar Andre Salifu ta Damagaram cikin masu tantancewa. A kafa taswirorin da suka shiga gasar a ƙofar ofishin prefe da bakin kasuwa na tsawon wata guda, a yi bayaninsu da Hausa da Fulatanci da Barbarci a gidajen rediyon yankin. A saurari dillalan dabbobi da direbobin manyan motoci da ƙungiyoyin mata kafin a zaɓa, domin direba ya fi kowane injiniya sanin inda motarsa za ta maƙale. A liƙa sunan ɗan kwangila da kuɗin kwangila da ranar gamawa a allo a bakin aikin.

Ƴan kasuwa kuma kada su zauna jiran a kira su. Ƙungiyoyinsu suna iya rubuta buƙatunsu tun yanzu, yawan motocin da suke lodi a mako, da irin kayan da suke lalacewa don rashin ajiya, da watannin da ciniki ya fi tashi, su miƙa wa hukuma a rubuce. Ma'aikacin da takardar za ta biyo ta teburinsa, a ma'aikatar gine-gine ko ta ciniki ko ta kuɗi, shi ma yana da haƙƙi a wuyansa: ya ƙi sa hannu a kan taswirar da ba ta zo da lissafin kula da gini ba, ko da daga sama aka turo ta. Masu mulki suna zuwa suna wucewa, kuma ƙasar nan ta ga isassu tun daga 1991. Ginin da suka bari kuwa, mutanen Magarya da Dungas ne za su zauna da shi, su ne kuma za su biya kuɗin gyaransa.